Ƙuri'a ce ko kotu? Yadda batun 'yan luwaɗi ya yi shekara 50 a akwatin zaɓen Amurka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin shari'a ne. Mun yi musu da abokaina a kan auren jinsi a Amurka. Wasu sun ce alƙalai ne suka ƙaƙaba wa jama'a shi a 2015, wasu kuma sun ce ai tun da can Amurkawa haka suke so. Shin an taɓa kai wannan magana gaban masu zaɓe? Idan an taɓa, yaushe masu goyon bayan 'yan luwaɗi da maɗigo suka fara cin ƙuri'a?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. An kai, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Tun daga 1974 ake fafatawa a kan wannan batu a akwatin zaɓe, kuma kowane ɓangare na abokanka ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiya ya saki sauran. Hukuncin addini a kan aikin kansa sananne ne gare ni da kai, ba shi ka tambaya ba, kuma yana da malamansa. Abin da na sani shi ne siyasar Amurka, a kanta zan tsaya.

Sai ka fara gane makamin kafin ka gane yaƙin. Mu a nan idan aka ce ƙuri'ar raba-gardama, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gwamnati ta kira jama'a ta tambaye su, kamar ƙuri'ar 1961 da ta shigo da arewacin Kamaru ta Turawan Ingila cikin Najeriya, ko wadda Tandja ya kira a Nijar a 2009 don tazarce. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ba talaka wannan dama ba sai wajen kiranye da ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma. A Amurka kuwa babu raba-gardama ta ƙasa baki ɗaya, amma a kusan rabin jihohi 50 da kuma birane masu yawa, kowane ɗan gari yana iya ɗaukar takarda ya bi mutane su sa hannu. Da zarar sa hannun ya kai adadin da doka ta gindaya, dole a ɗora maganarsa a takardar zaɓe. Yana iya kawo sabuwar doka, yana kuma iya neman a soke wadda majalisa ta riga ta yi. Dakota ta Kudu ce ta fara wannan tsari a 1898, Oregon ta biyo a 1902, Kalifoniya a 1911, kuma asalinsa don a karya lagon manyan kamfanoni ne, musamman na jirgin ƙasa, waɗanda suka sa 'yan majalisa a aljihu. Riƙe wannan da kyau, don a mafi yawan tarihin da zan ba ka, masu adawa da 'yan luwaɗi ne suke ɗaukar takardar, ba magoya bayansu ba.

A farkon shekarun 1970 maganar aure ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Aikin kansa laifi ne a dokokin mafi yawan jihohi. Abin da aka fara nema ƙarami ne: kada a kori mutum daga aiki, ko a hana shi hayar gida, don an gano ɗan luwaɗi ne ko 'yar maɗigo. Garuruwan da ke da manyan jami'o'i ne suka fara amincewa, irin su East Lansing da Ann Arbor a jihar Mishigan a 1972, kuma kansiloli ne suka yi dokokin a zauren majalisa, ba a tambayi jama'a ba.

Inda aka fara tambayar jama'a shi ne Boulder, wani garin jami'a a jihar Kolorado. Majalisar garin ta yi irin wannan doka, gari ya ɗauki zafi, aka kai ta akwati a watan Mayu 1974, masu zaɓe suka yi watsi da ita da rinjaye mai yawa. Ba su tsaya nan ba, suka yi wa kansila Tim Fuller kiranye. Magajin garin, Penfield Tate, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, ya tsallake kiranyen amma ya faɗi zaɓen da ya biyo baya. Ka lura, wannan gari ne da ake yi wa kallon na masu sassaucin ra'ayi. Duk wanda ya ce maka Amurkawa tun fil'azal haka suke, ka karanta masa labarin Boulder.

Amma wanda ya girgiza ƙasar shi ne na gundumar Dade, inda birnin Miyami yake, a jihar Fulorida. A Janairu 1977 hukumar gundumar ta amince da dokar hana wariya da wata kwamishina, Ruth Shack, ta gabatar. Sai wata mawaƙiya mai suna Anita Bryant, mabiyar cocin Baptis, wadda duk ƙasar ta san fuskarta a tallan ruwan lemon Fulorida, ta tashi tsaye. Ta jagoranci wata ƙungiya mai suna Save Our Children, wato a ceci 'ya'yanmu. Sa hannu 10,000 ake buƙata, suka tara fiye da 60,000 cikin 'yan makonni. Hujjarta guda ce, kuma ta yi ta maimaita ta: tunda waɗannan mutane ba sa haihuwa, to 'ya'yan wasu za su riƙa janyewa, kuma dokar za ta tilasta wa makarantun coci ɗaukarsu aikin koyarwa. Ranar 7 ga Yuni 1977 aka soke dokar da kashi 69 cikin 100. A wannan shekarar majalisar jihar ta haramta musu ɗaukar riƙon yara.

Wannan kaye ya haifar da abubuwa biyu da suka daɗe. Malaman coci masu ra'ayin riƙau sun gano cewa batun yana fitar da mutane rumfar zaɓe, yana kuma kawo kuɗi ta wasiƙun neman taimako, kuma bayan shekara biyu Jerry Falwell, wanda ya je Miyami ya taya Bryant kamfe, ya kafa ƙungiyar Moral Majority. A ɗaya ɓangaren, 'yan luwaɗin da a da kowa ke ta kansa a garinsu suka ga cewa wuta ta kama gemun maƙwabci. Aka yi ta zanga-zanga a San Faransisko da Niyok, aka ƙaurace wa ruwan lemon Fulorida, aka fara tara kuɗi daga jiha zuwa jiha. A ganina Anita Bryant ta fi kowane ɗan fafutuka haɗa kan abokan hamayyarta, ba tare da ta yi niyya ba. Ita kanta ba ta fita lafiya ba: wani ya maka mata kek a fuska gaban kyamarori a Des Moines, daga baya kuma kwangilar tallan ta suɓuce mata.

Shekarar 1978 ta fara da kaye uku a jere. St. Paul ta jihar Minesota ta soke dokarta a Afrilu, Wichita ta Kansas a Mayu da ƙuri'a kusan biyar a kan kowace ɗaya, Eugene ta Oregon ita ma a Mayu. A lokacin kowa ya ɗauka duk inda aka kai maganar akwati, an gama.

Daga nan ne wani sanatan majalisar jihar Kalifoniya, John Briggs, ɗan gundumar Orange mai tsananin ra'ayin riƙau, ya ga kasuwa ta buɗe. Ya je Miyami ya ga yadda aka yi, kuma yana da burin zama gwamna. Maimakon ya nemi soke wata doka, sai ya kawo sabuwa, Ƙudiri na 6: a kori duk malamin makarantar gwamnati da ke aikata luwaɗi ko maɗigo a fili, haka kuma duk wanda ya goyi bayan abin, ko ya ƙarfafa shi, ko ya tallata shi ta yadda ɗalibai ko abokan aiki za su iya ji. A wannan jimla ta biyu ya wuce gona da iri. Kai ɗalibin shari'a ne, ka san illar doka mai faɗin baki. Malami mai mata da 'ya'ya, wanda a hira ya ce bai kamata a kori wane ba, shi ma ya shiga ciki. Ƙungiyoyin malaman makaranta da na ƙwadago suka ga ai da su ake.

A watan Satumba binciken jin ra'ayi ya nuna kusan kashi 60 na goyon bayan ƙudirin. Masu adawa da shi suka kasu gida biyu, kuma wannan rabuwa ta bi tarihin nan har ƙarshensa. Ɓangare ɗaya, masu kuɗi da ƙwararrun kamfe na Los Anjalis, suka ce kada a ambaci luwaɗi ko kaɗan, a yi maganar gwamnati mai leƙen asirin mutane. Ɗaya ɓangaren, wanda Harvey Milk ke ciki, ya ce a'a, kowa ya fito ya gaya wa iyayensa da maƙwabtansa da abokan aikinsa ko shi wane ne, don mutum ba ya saurin jefa ƙuri'ar korar wanda ya sani. Milk, mai shagon kyamara da aka zaɓa kansila a San Faransisko a 1977, ya yi ta bin Briggs gari-gari suna muhawara, wani lokaci tare da wata malamar jami'a, Sally Gearhart.

Amma wanda ya karya ƙashin bayan ƙudirin ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Ronald Reagan ne, tsohon gwamnan jihar daga 1967 zuwa 1975, gwarzon masu ra'ayin riƙau, wanda ke shirin neman shugabancin ƙasa. Ya fito ya ce bai yarda ba, ya kuma rubuta haka a jarida kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Hujjarsa ta mai gudanar da mulki ce: yaron da ya faɗi jarrabawa yana iya huce haushinsa ta hanyar yi wa malami ƙazafi, a ɓata rayuwar wanda bai ji ba bai gani ba, kuma abin ba cuta ba ce mai yaɗuwa kamar ƙyanda. Shugaba Jimmy Carter da tsohon shugaba Gerald Ford da gwamna Jerry Brown duk suka ce a ƙi. Ranar 7 ga Nuwamba 1978 ƙudirin ya faɗi, kashi 58 da 42, har a gundumar Briggs kansa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. A wannan rana, a wannan takardar zaɓe, akwai wani ƙudirin na Briggs, na 7, mai faɗaɗa hukuncin kisa. Shi ya wuce da fiye da kashi 70. Ke nan masu zaɓen ba su rikiɗe sun zama masu sassauci ba. Mutanen nan dai ne, sun duba doka guda sun ga ta yi muni.

A daren nan kuma aka samu abin da za a iya kira nasarar farko ta gaskiya a matakin birni. Seattle, a jihar Washintan, tana da dokar hana wariya a wurin aiki tun 1973 da ta gidajen haya tun 1975. 'Yan sanda biyu, David Estes da Dennis Falk, suka tara sa hannu don a soke su. Ana tsakiyar kamfe sai ɗaya daga cikinsu ya harbe wani baƙar fata marar makami har lahira, abin da ya sa unguwannin baƙaƙe suka juya musu baya. Masu kare dokar ma ƙungiyoyi uku ne da ba sa ga maciji da juna, ɗaya tana maganar sirrin mutum, sauran suna bi gida-gida suna faɗin abin da sunansa. Aka ƙi sokewar da kashi 63. Seattle ce birni na farko da masu zaɓe suka ce a bar irin wannan doka yadda take.

To ga amsar tambayarka ta biyu a taƙaice: 7 ga Nuwamba 1978, Kalifoniya da Seattle. Sai dai ka kula da irin nasarar. Duka biyun ƙuri'ar "a'a" ce. Ba a ba kowa sabon haƙƙi ba, an dai hana a ƙwace. A ranar ma masu zaɓen Dade sun sake ƙin maido da dokarsu. Kuma murnar ba ta yi nisa ba: bayan kwana 20, ranar 27 ga Nuwamba, wani tsohon kansila, Dan White, ya shiga ofishin majalisar birnin San Faransisko ya harbe Milk da magajin gari George Moscone.

Shekarun 1980 ba sai na daɗe a kansu ba, yawanci kaye ne. San Jose da gundumar Santa Clara sun soke nasu a 1980. Houston ta soke a 1985 da fiye da kashi 80. Cutar ƙanjamau ta shigo ta ƙara tsoro, ko da yake a 1986 Kalifoniya ta yi fatali da wani ƙudiri na magoya bayan wani ɗan siyasa, Lyndon LaRouche, da zai iya kai ga killace masu ɗauke da cutar, da kashi 71. 'Yan nasarorin da aka samu sun haɗa da Austin ta Teksas a 1982, inda aka ƙi ƙudirin da zai halatta wa masu gidaje ƙin ba su haya. Sannan Boulder, garin da aka fara faɗuwa, ya dawo a 1987 ya amince da dokar da ya ƙi shekara 13 baya, da ɗan rinjaye ƙalilan. Wannan kam ƙuri'ar "e" ce. San Faransisko kanta, da ake kira hedikwatarsu, ta ƙi tsarin rajistar masu zaman tare a 1989, sai a 1990 ta amince.

Ranar 3 ga Nuwamba 1992 ita ce darasin da nake so ɗalibin shari'a ya haddace, don a rana ɗaya jihohi biyu suka yi ƙuri'a a kan abu kusan iri ɗaya, sakamako ya bambanta saboda lafazi. A Oregon, ƙungiyar Lon Mabon ta kawo Ƙudiri na 9, wanda zai rubuta a kundin tsarin mulkin jihar cewa luwaɗi abu ne da ya saɓa wa ɗabi'a, kuskure ne, karkata ce, ya kuma wajabta wa makarantu su koyar da haka. Ya faɗi, kusan kashi 56 da 44. A Kolorado kuwa aka rubuta Gyara na 2 cikin sanyin murya irin na lauyoyi: babu wata hukuma a jihar, daga majalisa har ƙaramin gari, da za ta yi dokar kare su daga wariya. Taken kamfen shi ne kada a ba kowa gata na musamman. Ya wuce da kashi 53, da nufin share dokokin Denver da Boulder da Aspen lokaci guda. Mai zafin baki ya sha kaye, mai laushin baki ya kai bantensa. Masu adawa sun koyi darasin, kuma kalmar "gata na musamman" ta yi musu aiki shekaru masu yawa. Duk da haka irin wannan ƙudiri ya faɗi da ƙyar a Oregon da Idaho a 1994, ya kuma faɗi a Maine a 1995.

A nan kotu ta shigo. A shari'ar Romer da Evans, ranar 20 ga Mayu 1996, Kotun Ƙolin Amurka ta soke gyaran na Kolorado da alƙalai 6 a kan 3. Mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta cewa jiha ba ta da ikon ware wani rukuni na mutane ta rufe musu ƙofar neman kariyar doka gaba ɗaya. Antonin Scalia ya rubuta saɓani mai zafi, yana cewa kotu ta shiga rikicin al'ada da ba nata ba. Soke zaɓin jama'a ba sabon abu ba ne ga kotun: a 1964 masu zaɓen Kalifoniya sun rusa dokar da ta hana ƙin sayar wa baƙar fata gida, da kusan kashi 65, kotun ta rusa ƙuri'ar tasu a 1967.

Bari in ɗan ratse, don na san wasu cikin abokanka za su ce ai abin da mafi rinjaye suka zaɓa shi ne daidai, alƙali bai isa ba. A 2010 masu zaɓen jihar Oklahoma sun amince da gyaran da ya hana kotunan jihar la'akari da shari'ar Musulunci, da kusan kashi 70. Wani Musulmi, Muneer Awad, ya garzaya kotun tarayya yana cewa hatta wasiyyarsa ba za ta karɓu ba, kuma kotu ce ta dakatar da gyaran, ta soke shi baki ɗaya a 2013. A Suwizalan ƙuri'ar jama'a ce ta haramta gina hasumiyar masallaci a 2009. Makamin ɗaya ne, bai san addini ba, bai san launi ba, duk wanda ya kasance tsiraru a wurin shi yake sara. Wanda zai yi hukunci a kan "ƙuri'a ko kotu" sai ya auna da waɗannan ma.

Maganar aure ta taso ne daga Hawai, inda Kotun Ƙolin jihar ta nuna alamar halatta shi a 1993. Majalisar tarayya ta yi maza ta yi dokar kare aure a 1996, wadda ta ce a wurin gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne kawai, Bill Clinton ya sa hannu. Hawai da Alaska suka toshe ƙofar da ƙuri'a a 1998, Kalifoniya da Nebraska a 2000. Da kotun Masachuset ta halatta auren, aka fara ɗaurawa ranar 17 ga Mayu 2004, sai martani ya zo kamar ambaliya: jihohi 13 suka gyara kundinsu a wannan shekarar, 11 daga ciki a ranar da aka sake zaɓen George Bush. A Misisipi kashi 86 ne suka ce namiji da mace kawai. Ko a Oregon kashi 57 ne.

Karo na farko da irin wannan gyara ya faɗi shi ne Arizona a 2006, kusan kashi 52 da 48, kuma yadda aka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Masu ƙudirin sun yi kuskuren Briggs: ba aure kaɗai suka hana ba, har da duk wani tanadi ga masu zaman tare ba aure, ko da namiji da mace ne. Arizona kuwa jihar tsofaffi ce masu ritaya, kuma da yawansu, gwauraye da zawarawa, suna zaune tare ba tare da rajista ba don gudun rasa kuɗin fansho. Masu kamfen ƙi, ƙarƙashin Kyrsten Sinema wadda daga baya ta zama sanata, suka cika talabijin da irin waɗannan tsofaffi, da wuya ka ji an ambaci ɗan luwaɗi. Bayan shekara biyu aka dawo da ƙudirin an datse masa wancan reshe, aure kaɗai, ya wuce da kashi 56. Ka ga ke nan nasarar 2006 ta aro ce.

A 2008 kuma aka yi wadda ta fi kowace tsada, Ƙudiri na 8 a Kalifoniya. Kotun jihar ta halatta auren a Mayu, aka ɗaura kusan 18,000, ɓangarorin biyu suka kashe fiye da dala miliyan 80, cocin Katolika da na Mormon suka tsaya kai da fata. Tallan da ya fi tasiri shi ne na wata yarinya da ta dawo daga makaranta tana gaya wa uwarta abin da aka koya mata game da auren jinsi. Maganar Anita Bryant ce dai, bayan shekara 31. A ranar da Obama ya cinye jihar da kashi 61, ƙudirin ya wuce da kashi 52. A 2009 Maine ta soke dokar auren da majalisarta ta yi, kashi 53 da 47, yayin da jihar Washintan ta amince da dokar rajistar masu zaman tare da kusan wannan rinjaye. Wannan ne karo na farko da masu zaɓen jiha guda suka ce "e" ga wani nau'i na amincewa da irin wannan zama.

Bayan sun faɗi fiye da sau 30, masu fafutukar suka zauna suka bincika dalili. Suka gano cewa duk maganarsu ta haƙƙi ce da gado da inshorar lafiya, har masu zaɓe suka ɗauka abin duniya kawai ake nema. Sai suka sauya harshe. Suka daina turo lauyoyi, suka riƙa turo kakanni da tsofaffin sojoji da iyaye masu zuwa coci suna cewa da can ba mu yarda ba, amma ɗanmu ne. A Maine suka shafe shekaru suna ƙwanƙwasa ƙofofi suna doguwar hira da mutum ɗaya-ɗaya. Wato dai shawarar Milk ta 1978 ce ta dawo. A watan Mayu 2012 Karolina ta Arewa ta haramta da kashi 61, washegari Obama ya bayyana goyon bayansa ga auren. Ranar 6 ga Nuwamba 2012 Maine da Meriland da Washintan suka amince da auren jinsi, kowace da kashi 52 zuwa 54, Minesota kuma ta ƙi gyaran haramci. Ta Maine ce ta fi jan hankalina, don a nan magoya baya ne da kansu suka tara sa hannu suka kai maganar akwati.

Yanzu ka auna musun naku. Lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Obergefell, wanda ya halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar, ranar 26 ga Yuni 2015, da alƙalai 5 a kan 4, auren ya riga ya halatta a jihohi fiye da 30. Amma uku ne kacal ta hanyar ƙuri'ar jama'a, takwas ta majalisa kaɗai, sauran duk kotuna ne. Kuma hukuncin ya rusa gyare-gyaren da masu zaɓe suka yi da hannunsu a jihohi da dama. Masu cewa kotu ce, a nan suna da hujja mai ƙarfi, kuma alƙalin alƙalai John Roberts ya faɗi kusan haka a saɓaninsa. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa jama'a na nan inda suke. Binciken jin ra'ayi na kamfanin Gallup ya nuna kashi 27 ne ke goyon bayan auren a 1996, zuwa Mayu 2015 ya kai kashi 60. Kotun ba ta ja jama'a ba sosai, ta jira har ta ga inda iska ke kaɗawa. Idan kana neman ƙasar da jama'a suka yanke da kansu baki ɗaya, Ailan ce ta farko, a Mayu 2015, da kashi 62. Kuma kada ka ɗauka akwatin ya koma gefe guda: a Nuwamba na wannan shekarar Houston ta sake rusa dokarta ta hana wariya da kashi 61.

Su kuwa tsofaffin gyare-gyaren ba su goge kansu ba, sai an sake komawa ga masu zaɓe. Nebada ce ta fara cire nata a 2020. A Nuwamba 2024 Kalifoniya da Hawai da Kolorado suka bi sahu, Kolorado da kusan kashi 64, shekara 50 cif bayan ƙuri'ar Boulder. A jihohi irin su Misisipi da Teksas kuwa rubutun haramcin na nan daram a kundi, ba ya aiki muddin hukuncin 2015 yana tsaye.